Ruwa Santimita Goma

Ni ce na sa Baba ya sauko da shinkafarsa daga gonar tudu zuwa gonar kwari. Gara in faɗi haka tun farko, domin shi idan aka tambaye shi cewa yake yi ra'ayin kansa ne.

Gonakinsa biyu ne, wata 'yar hanyar amalanke ce ta raba su. Ta kwarin laka ce baƙa wuluk, mai ƙwace wa mutum takalmi, idan ta sha ruwa sai ta riƙe shi kwana da kwanaki. A nan yake noma shinkafar kasuwa. Ta tudun kuwa ƙasarta sako-sako ce, yashi-yashi, ka damƙa a hannu ka buɗe sai ta warwatse, ka sako mata ruwa da safe kafin yamma ta shanye abinta. Fangali goma sha biyu ne a wurin, wato 'yan filayen nan da ake kewayewa da kunya don su tare ruwa, kuma a cikinsu yake noma shinkafa mai ƙamshi, wadda ba a kai ta kasuwa. Ta gida ce. Inna ce ta zo da irinta daga gidan iyayenta a cikin gwangwanin madara, tun ba a haifi ko ɗayanmu ba.

Idan aka ɗora shinkafar nan a wuta, har bakin titi ake sani. Maƙwabcinmu tela yakan leƙo ta katanga ya ce shi ba roƙo ya kawo shi ba, gaisuwa ce kawai ta faɗo a daidai lokacin.

Baba yana da yadda yake bi da ita. Ruwa ba ya wuce gaɓa biyu ta ɗan yatsansa. Idan zangarniya ta fara nauyi sai ya toshe hanyar ruwan, ya bar ƙasa har ta ɗan tsattsage. Ina yarinya na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, “A bar ta ta ji ƙishi kaɗan, Auta. Idan ta ƙoshi da yawa mantawa take yi da kanta.” Buhu shida yake samu a filin da wani zai sami goma, kuma bai taɓa damuwa ba.

Ni kuwa na damu, saboda noma na karanta. A cibiyar binciken noma nake aiki, kuma na shekara huɗu ina wanke kwalabe ina auna ganyen da wasu suka shuka, kafin shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Dakta, ya ba ni aikin kaina. Ya ce in gano irin ƙasa da zurfin ruwan da suka fi dacewa da shinkafa mai ƙamshi. Na je gida na roƙi Baba kwano biyu na iri. Ya ba ni yana dariya, ya ce, “To, malamar gona, a gaishe mana da ita idan ta shiga makaranta.”

Aka tanadi ƙasa iri uku: laka, da ta tsaka-tsaki, da mai yashi irin ta tudun Baba. Kowace aka raba ta uku, wani fangalin ruwansa santimita uku, wani goma, wani ashirin. Tara ke nan. Na yi wata huɗu ina yawo da rula a hannu, ina ƙirga 'ya'yan da kowane gindi ya yi, har ƙafafuna suka yi kaushi. Waɗanda ke cikin ruwa santimita ashirin suka yi ta zuba tsawo ba 'ya'ya, iska ɗaya ta zo ta kwantar da su. Na ƙasar yashi da ruwa kaɗan, fangali mai lamba bakwai, ya fito gajere da ƙananan zangarniyoyi, kamar dai na Baba. Amma lamba biyu, laka da ruwa santimita goma tun daga dashe har kusan yanka, sai wanda ya gani. Da aka ɗora a ma'auni ya kusa ninka lamba bakwai. Dakta ya cire tabarau ya sake duba takardar, ya ce, “Kin ga abin da nake nema ke nan.”

Bayan an gama awo, an adana abin da za a adana, sai na kwashe ɗan ragowar na ba Iya, dattijuwar da ke share mana ɗakin gwaji, kowane a cikin jakar takarda da lambarsa. Iya ba ta haɗa su ba, wai kada ta ɓata mini lissafi. Kullum da rana takan sheƙe ɗaya ta dafa a 'yar tukunyarta bayan ofis. Ran nan ta kira ni.

“'Yata, zo ki ji wani abu.”

Na je. Ta buɗe tukunya, farar shinkafa ta yi kyau, kowace ƙwaya a miƙe.

“Wannan ta lamba biyu ce,” in ji ta. “Kyau kam ba a magana. Amma bebiya ce. Jiya da na dafa bakwai, har direbobi sai da suka zagayo suna tambaya.”

Na sunkuya na shaƙa. Akwai ɗan wani abu can nesa, kamar turaren da ya kwana biyu a jikin riga, shi ke nan. Na ce mata wataƙila ruwan dahuwa ne ya yi yawa. Ta ce, “To, ku ne masu karatu,” ta rufe tukunyarta.

Da na koma tebur na buɗe littafin aiki, na rubuta “ƙamshi?” da fensir a gefen shafi. Na daɗe ina kallon kalmar. Jadawalin da Dakta ya amince da shi yana da gurbin tsawo, da na yawan 'ya'ya, da na nauyin ƙwaya dubu, da na yawan amfani. Babu gurbin ƙamshi. Idan na tayar da maganar, sai an ƙara wata huɗu ana gwaji, ga shi an riga an sa sunana a taron ƙarshen shekara. Na ɗauki magogi na goge.

Abin da ya sa wannan ba ƙaramin laifi ba ne, Inna ba ta da lafiya a lokacin. An yi mata aiki, aka ɗora ta kan magunguna masu ƙarfi da suka ɗauke mata sha'awar abinci gaba ɗaya. Nama ta ce ƙarni, madara ta ce tana tayar mata da zuciya, shayi ma sai an yi da gaske. Abu ɗaya ne ke shiga, farar shinkafar nan da ɗan mai da gishiri. Ta ce ƙamshin ne ke buɗe mata maƙogwaro. Ni nake kai ta asibiti, kuma a gabana likita ya ce duk abin da za ta iya ci a ba ta, kada a bari ta rame. Ba zan ce ban sani ba.

Dakta ya ce muna bukatar gonar manomi ta gaske da za a nuna wa mutane. Ban tsaya tunani ba na ce ta babana tana nan.

Na same shi a gindin bishiyar da ke bakin gonar tudu yana gyara ƙotar fartanya. Na shimfiɗa masa takarduna a ƙasa, na danne su da duwatsu, na yi ta bayani. Ya saurara har na gama.

“Wato in kai ta kwari,” in ji shi.

“Duka, Baba. Ruwa santimita goma, kada ya ragu. Zan kafa maka sanda mai alama.”

“Ba ta saba da laka ba.”

“Shinkafa ba ta sabo, Baba. Ga lambobi nan.”

Ya juya ƙotar a hannunsa. “To, ki bar mini fangali biyu a nan sama. Saboda Innarku.”

Na ce a'a. Na ce idan baƙi suka zo suka ga ya raba ƙafa, cewa za su yi mahaifina ma bai yarda da aikina ba, to wa zai yarda? Na ce ai saboda Inna ma nake yi, buhu goma sha ɗaya ya fi shida. Har muryata ta ɗan yi rawa, kuma na bar ta ta yi, don na san ba ya iya jure wannan daga wurina.

Can ya ce, “Shi ke nan, kawo sandar taki.”

Shinkafa ta yi kyau a kwari yadda ban taɓa gani ba. Kore shar, gindi cike da 'ya'ya, ruwa kwance a ƙarƙashi yana ɗaukar ido. Ranar nuni motoci uku suka zo. An buga takardar shawara guda ɗari biyar, da hoton gonar a gaba, aka rarraba wa manoma. Dakta ya miƙa wa Baba abin magana, Baba ya riƙe shi nesa da baki kamar zai cije shi, ya ce, “Yarinyar ta yi ƙoƙari,” ya mayar. Aka tafa. Ni kuwa ranar ƙasa ba ta ɗauke ni ba.

Buhu goma sha ɗaya da rabi aka samu. A makon da aka kai buhun farko injin gyara, a makon ne tsohuwar shinkafar gida ta ƙare, aka kakkaɓe buhu.

Na zo gida ranar hutu, na ce ni zan dafa. Na wanke, na zuba, na rufe, na tsaya a kan tukunyar ina jira. Ruwa ya tafasa, murfi ya fara rawa, tururi ya cika ɗakin girki. Na buɗe na kai fuskata har ya ƙona ni. Na sake rufewa, wai ko sai ta ƙara nuna.

Sai na ji muryar Inna daga ɗakinta. “Auta, har yanzu ba ki ɗora ba ne?”

Shinkafar tana dab da tsotsewa a lokacin.

Na zuba a farantinta mai bakin shuɗi na kai mata. Baba yana zaune a kujerar da ke gefen gado. Ta tashi zaune da ƙyar, ta ɗaga farantin zuwa hancinta, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ta kai cokali ɗaya, ta daɗe tana taunawa. Na biyu ta mayar da shi faranti.

“Shi ke nan,” in ji ta a hankali. “Ciwon ya kai hanci. Dama ita kaɗai ta rage mini da nake ji.”

Ta juya fuska bango. Inna ba mai kuka ba ce, ko ranar da za a shiga da ita ɗakin aiki zolayar ma'aikatan jinya take yi. Amma na ga kafaɗarta tana motsi.

“Ba hancinki ba ne,” in ji Baba da sauri. “Ni ne. Ina jin na cakuɗa iri da na kasuwa wajen dashe. Tsufa ne.”

“Kai? Shekara arba'in ba ka cakuɗa ba sai bana? Kada ka lallashe ni.”

Ina tsaye da tire a hannu, mutum biyu suna rige-rigen ɗaukar laifina, ban buɗe baki ba. Na ce bari in kawo ruwa, na fita.

Mako biyu na yi a haka. Na sayo mata shinkafa mai ƙamshi ta leda daga babban kanti, ta ce warin sabulu take yi. Yayata ta bugo waya tana tambaya me ya sa Inna ta daina ci, na ce magunguna ne. Da muka koma asibiti aka ɗora ta a ma'auni, ta ragu da kilo biyu. Likita ya dube ni ta saman takarda ya ce, “Me ya canza a gida?” Na ce ba komai. A wurin aiki kuwa an manna hoton gonar a allon sanarwa, kullum sai na wuce shi sau huɗu. Na daina bi ta bayan ofis don kada in haɗu da Iya.

Ranar da na kasa jurewa, na tarar da Baba a gonar tudu. Wata huɗu ba a taɓa ta ba, ciyawa ta cinye kunyoyi, yana ta sara shi kaɗai. Na tsaya a bayansa na faɗa masa komai, da tukunyar Iya, da kalmar da na goge. Bai daina sara ba sai da na kai ƙarshe.

“Na sani ai,” in ji shi. “Ba zancen gogewar ba. Amma tun tana fure na san ba lafiya. A nan sama, idan ta yi fure, da sassafe tun daga hanya kake jin ta. A kwari na yi ta zagayawa ina shinshina kamar kare, ban ji komai ba.”

“Me ya sa ba ka faɗa mini ba?”

“Lokacin an riga an dasa. Ga baƙinki za su zo da motoci.” Ya goge goshi da bayan hannu. Sai a sannan ya dube ni. “Amma ke kin sani tun kafin a dasa.”

“Na sani, Baba.”

“Fangali biyu na roƙe ki, Auta.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya juya ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na tsaya a wurin har na ga tsayuwar ba ta da amfani, na tafi.

Washegari na shiga ofishin Dakta da littafin aikin. Na nuna masa gefen shafin, inda har yanzu ana ganin sawun fensir idan aka karkata shi wajen haske. Na ce ina roƙon abu biyu: a janye takardar shawara, kuma a ba ni jakar lamba bakwai da ke ɗakin sanyi.

Ya buga biro a tebur. “Lambobinki ba ƙarya ba ne,” in ji shi.

“A'a, yallaɓai.”

“Amma mun ce wa mutane ga yadda za su noma shinkafa mai ƙamshi, alhali ba mu shinshina ta ba. Ni ma ban tambaya ba, wannan nawa ne. Ke kuma an faɗa miki kin ɓoye, wannan naki ne, kuma ya fi nawa muni.” Ya ce za a cire sunana daga taron, za a sake gwajin daga farko da gurbin ƙamshi, a gano ko ƙasar ce, ko ruwan, ko su biyun. Ya ce manoman da suka rubuta suna ranar nuni, ni zan bi su gida-gida in faɗa musu da bakina. Sannan ya ja aljihun tebur ya miƙo mini makullin ɗakin sanyi. “Ki bar rabin kilo saboda iri. Allah ya ba ta lafiya.”

Kilo huɗu ne a jakar. Da na cire na iri, na gyara sauran a ɗan injin ɗakin gwaji, abin da ya rage bai kai biyu da rabi ba. Iya ce ta taya ni tsince tsakuwa. Ba ta ce mini ai na faɗa miki ba, sai dai ta ce in riƙa jiƙawa kafin in dafa, ta fi kumbura.

Tafin hannu ɗaya na dafa a ƙaramar tukunya. Ko tafasa ba ta gama yi ba na ji takun silifa a tsakar gida. Inna ce, dafe da bango, ita da ta yi kwana goma ba ta fito ba.

“Wa ya kawo wannan?”

Na zaunar da ita a kan kujerar girki, na durƙusa, na faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi fushi. Sai ta kama hancinta da yatsu biyu ta ɗan ja shi.

“Ashe lafiyarka ƙalau, na yi ta zarginka,” ta ce wa hancin. Sannan ta dube ni. “Ke kuma mako biyu kina kallona ina shirin mutuwa, kin yi shiru? Wannan ya fi mini ciwo a kan shinkafar.”

Ta ce in zuba mata tun da zafi. Ta ci rabin faranti, tana ci tana hutawa, ba ta sake kallona ba har ta gama.

Shinkafar ta yi mata kwana talatin da uku, tafin hannu ɗaya kullum, wani lokacin a gauraya da ta kwari don ta ƙara auki. Baba ya yi sabon dashe a tudu da irin da ya ware, amma shinkafa ba ta san gaggawa ba, sai ta cika wata huɗunta. A tsakanin nan sai da aka kwantar da Inna asibiti kwana shida ana ƙara mata ruwa. Ni na yi jinyarta. Ta warware, ta dawo gida, tana tsokanata kamar da, amma akwai wata 'yar tazara da ban san ranar da za ta rufe ba. Idan na ce mata likita ya ce kaza, sai ta ce, “Haka ya ce, ko haka kika ga ya dace in ji?”

Manoma arba'in da ɗaya ne a takardar sunayen. Ni da direban cibiya muka yi ta bin su a ranakun da ba na asibiti. Wasu ba su ma karanta takardar ba, wani na tarar ya liƙe tagar da ta fashe da ita. Wani ya yi dariya ya ce shi buhu yake ƙirgawa, masu saye ba sa shinshina kafin su ɗauka, ya ma gode. Amma akwai wata mata, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, da ke noma mai ƙamshi tana kai wa wani gidan abinci da ke saye saboda ƙamshin kaɗai. Na same ta tsaye cikin laka har ƙwauri, ta gama dashe kwana tara da suka wuce, ga sanda ta kafa a tsakiyar fangali da zanen jan fenti daidai santimita goma.

Ta saurare ni har na gama, hannunta a ƙugu.

“Yanzu me zan yi?” in ji ta.

Na ce ta rage ruwan ya dawo gaɓa biyu, idan zangarniya ta yi nauyi ta toshe ta bar ƙasa ta bushe. Ta ce hakan zai dawo da ƙamshin? Na ce ban sani ba, wataƙila ya taimaka, wataƙila lakar ce matsalar.

“Ranar nan da kike magana a gaban motoci ba ki ce wataƙila ba,” in ji ta.

“Ban ce ba.”

Ta dube ni sama da ƙasa, da takalmina na ofis. Sannan ta nuna mini bakin kunyar da za a fasa don ruwa ya fita, ta ce fartanya tana can jingine da bishiya. Na cire takalmin na miƙa wa direba, na ce ya je ya dawo da yamma.